Turaren maza mai ɗumi da ƙamshin kayan yaji: tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina harkar turare a Birnin Kebbi, kuma na lura cewa da zarar an kammala girbin gero da dawa, iskar hunturu ta fara busar da leɓe, sai masu zuwa shago su daina tambayar turare mai sanyi irin na lemun tsami, su koma neman wanda suke kira "mai nauyi" ko "mai kama jiki". Mafi yawansu abu ɗaya suke nufi, wato turare mai ɗumi wanda aka gina shi a kan ƙamshin kayan yaji. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaita mini, daga ango mai shirin ɗaurin aure har zuwa dattijon da ke neman abin shafawa ranar Juma'a.

Me ake nufi da turare mai ɗumi, alhali ruwa ne mai sanyi a cikin kwalba?

Ɗumin a hanci yake, ba a fata ba. Akwai ƙamshin da idan ya bugi hancin mutum sai ya tuna masa da ruwa da ganye da ɓawon lemu, akwai kuma wanda ke tuna masa da murhu da garwashi da shayin asuba, kuma wannan na biyun shi ake kira mai ɗumi. Galibi kashi biyu ake haɗawa kafin a same shi. Kashin farko shi ne kayan yajin da kowace uwar gida ta sani, wato kirfa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi da citta da masoro, tare da za'afaran da kuma hel ɗin da Larabawa ke zubawa a gahawa. Kashi na biyu shi ne abin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsu domin ya riƙe su, kamar itacen sandal da udu da jawul da lubban da almiski da banila, domin kayan yaji su kaɗai ba su cika daɗewa a jiki ba.

A ganina wannan ne ya sa Bahaushe ke saurin amincewa da irin wannan turare ko da a Faransa aka haɗa shi. Wanda ya tashi yana shan kunun zaƙi mai citta da kanumfari, yana damun fura mai yaji, ya kuma san ƙamshin ɗakin mai jego, ba baƙon wannan ƙamshi ba ne, kuma hancinsa ya riga ya sajje da shi tun kafin ya san sunan wani kamfanin turare.

Idan kayan yaji ne a ciki, ba zan riƙa ƙamshin kunu ko na tukunyar miya ba?

Wani matashi ya taɓa yi mini wannan tambaya yana dariya, amma tambaya ce mai ma'ana. Abin da ke raba turare da madafa shi ne gwargwado da kuma irin abin da aka tatso. Mai haɗa turare ba garin yaji yake zubawa ba, man da aka tatsa daga cikinsa ta hanyar tururi yake amfani da shi, ko kuma sinadarin da aka ware daga wannan man, kuma ɗan kaɗan yake sakawa a cikin haɗin da zai iya ƙunsar abubuwa hamsin ko fiye. Masoro misali ne mai kyau: sinadarin da ke sa shi yaji a harshe ba ya bin tururi ya tashi, saboda haka man da aka tatsa daga gare shi yana ɗauke da ƙamshin busasshen itace mai ɗan kaifi, ba tare da zafin da ke sa atishawa ba.

Duk da haka, akwai turarukan da aka cika musu zaƙi da gangan, aka haɗa kirfa da ƙamshin dabino da na sukarin da aka ƙona, kuma waɗannan sukan yi kama da ƙamshin alkaki ko nakiya. Matasa da yawa suna son su, ni kuwa ina ganin sun fi dacewa da daren sanyi fiye da ofis.

Daga ina waɗannan kayan ƙamshi suke fitowa?

Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunusiya, daga baya aka kai shi Zanzibar da Pemba a gabashin Afirka, inda ya zama babban abin fitarwa zuwa waje, kuma Madagaska ma tana noma shi da yawa tare da banila. Kirfa ta ainihi ɓawon wata bishiya ce da aka fi sani da ita a Siri Lanka, kodayake mafi yawan wadda ke kasuwanninmu 'yar'uwarta ce mai kauri da ake kawowa daga Sin da Indunusiya da Biyetnam. Za'afaran kusan kashi 90 cikin 100 na abin da duniya ke samu daga Iran yake fitowa, kuma tsadarsa ta samo asali ne daga cewa zare uku kacal ake cirewa da hannu daga kowane fure. Hel asalinsa kudancin Indiya ne, amma Gwatemala ta Amurka ta Tsakiya ta daɗe tana cikin manyan masu noma shi.

Ba komai ba ne na waje. Cittar kudancin Kaduna, ta wajen Kachia da Kwoi da Kafanchan, an san ta a kasuwar duniya da ƙarfin ƙamshi da yawan mai. Bishiyar ararrabi, wadda wasu ke kira hano, da ke tsiro a duwatsun arewacin Najeriya, dangin bishiyar lubban ce ta ƙasar Oman da Somaliya, kuma ƙaronta yana ƙamshi idan aka jefa shi a garwashi. Jibda kuwa, wadda kakanninmu ke samu daga jikin tunkun jibda, ta daɗe a cikin turarukan Turai kafin a maye gurbinta da na haɗi.

Me ya sa turaren da na shinshina a kasuwa ya canza bayan na isa gida?

Bai canza ba, buɗewa ya yi. Sinadaran da ke cikin kwalba ba nauyinsu ɗaya ba, kuma marasa nauyin su ke fara tashi. A mintuna goma zuwa goma sha biyar na farko abin da hanci ke ji shi ne ɓawon lemu da masoro da hel, waɗanda aka sa domin su yi sallama. Bayan sun wuce sai kirfa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi su fito fili su riƙe awa biyu ko uku, sannan a ƙarshe a bar mutum da itace da ƙaro da almiski, waɗanda su ne za a ji a wuyan rigarsa washegari.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya shinshina murfin kwalba, ko a fesa masa a bayan hannu ya kai hanci nan take, ya ciro kuɗi. Abin da ya ji a wannan lokaci sallama ce kawai, bai ga mai gida ba tukuna. Shawarata ita ce a fesa maka sau ɗaya a wuyan hannu, ka tafi ka gama sauran cefanenka, ka dawo bayan rabin awa ko awa guda, kuma kada ka gwada fiye da uku a zuwa ɗaya, domin daga na huɗu hanci ya gaji, komai sai ya zama iri ɗaya. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai ji haushin wannan ba.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da shi a yanayin Kebbi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin mafi yawan turarukan nan an haɗa su ne da tunanin sanyin Turai ko ɗakunan Dubai masu na'urar sanyaya wuri, ba da tunanin rana tsaka a Kamba ko Bunza ba. Zafi yana hanzarta tashin turare, wato abin da ya kamata ya riƙa fita a hankali cikin awa shida sai ya taso gaba ɗaya cikin awa ɗaya, kuma idan ya gauraya da gumi, zaƙin banila da kirfa yakan koma wani abu mai hawa kai.

Lokacinsa na gaskiya shi ne hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Fabrairu. A sanyin asuba, ko bayan sallar Isha'i lokacin da ake zaman majalisa kowa ya naɗe da mayafi, turare mai ɗumi yakan kwanta a jiki ya riƙa fita sannu a hankali, har wanda ke kusa ya ji daɗinsa ba tare da ya san daga ina yake fitowa ba. Matsalar hunturu ɗaya ce, wato bushewar fata, domin busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Maganinta shi ne a fara shafa mai marar ƙamshi, kamar basilin ko tataccen man kaɗanya, a wurin da za a fesa.

Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40 da rana, wani lamari ne daban. Na taɓa shiga motar haya daga Birnin Kebbi zuwa Jega a cikin watan Afrilu, mu huɗu a kujerar baya, sai wani bawan Allah ya shigo cikin farar shadda sabuwa fil, da alama ɗaurin aure za shi, ya yi wanka da wani turare mai kirfa wanda na san shi sarai, kuma turare ne mai kyau. Kafin mu kai Kalgo wata dattijuwa da ke gefen taga ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci, yaron da ke kan cinyarta ya fara mutsu-mutsu, daga ƙarshe ta juyo ta ce masa, "Ɗana, don Allah kwalbar duka ka juye ne, ko ka rage wa gobe?" Kowa ya yi dariya har da shi, amma direba sai da ya sauke gilasai duka, muka gwammace ƙura da iska mai zafi. Turaren ba shi da laifi, watan ne ba nasa ba, kuma feshin ya yi yawa.

Wanda ba ya iya rabuwa da kayan yaji a bazara yana da mafita. Masu haɗa turare sun raba kayan yaji gida biyu: masu ɗumi, wato kirfa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, da kuma masu sanyi, wato hel da citta da jan masoro. Turaren da aka gina a kan na biyun, aka rage masa banila, yana jure zafi ba tare da ya dami kowa ba. Da damina kuma, musamman a garuruwan bakin ruwa irin su Yauri da Argungu inda iska ke da laima, ƙamshi yakan yi nisa fiye da yadda mai shi ke zato, saboda haka sai a rage hannu.

Feshi nawa ya isa, kuma a ina ake fesawa?

A hunturu uku sun isa: ɗaya a ƙirji ƙarƙashin riga, ɗaya a bayan wuya, ɗaya a wuyan hannu. A bazara ɗaya ko biyu, kuma ƙarƙashin riga ya fi, domin yadin yana tace ƙamshin ya rage masa kaifi. Wanda zai shiga sahun sallar Juma'a, ko ɗakin taro, ko zai je duba marar lafiya a asibiti, ya tuna cewa wanda ke gefensa ba shi da wurin gudu, kuma a cikin jama'a ba a rasa mai asma ko mai ciwon kai. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne tsawon hannu: idan wanda ya miƙo maka hannu kuka gaisa ya ji ƙamshin, ya wadatar, idan kuwa wanda ke bakin ƙofa ya riga ganinka jin sa, an wuce gona da iri.

Game da tufafi, yadi yana riƙe turare fiye da fata, shi ya sa hula da rawani da babbar riga kan kwana biyu suna ƙamshi. Amma turaruka masu ɗumi sukan zo da launi, ja ko ruwan zuma, saboda ƙaro da banila da ke cikinsu, kuma farar shadda ba ta yafiya. Ni kaina na taɓa ɗiga madarar udu a gaban wata farar riga da aka dawo da ita daga bugu ana gobe Sallah, sai ta bar wani jirwaye mai ruwan ƙasa kamar girman kwabo daidai kan aljihu, wanda wanki uku bai fitar da shi ba. Tun daga ranar, na mai a fata nake shafa shi ko a cikin hula, na feshi kuwa ina nisanta kwalbar da riga kamar taƙi ɗaya, ko in fesa ta ciki inda aiki ya rufe.

Bayan awa ɗaya na daina jin ƙamshin, ko turaren ne ba shi da ƙarfi?

Sau da yawa hancinka ne ya saba, ba turaren ne ya ƙare ba. Hanci yakan daina kula da ƙamshin da ya daɗe tare da shi, kamar yadda mai sayar da daddawa ba ya jin abin da mai wucewa ke ji. Kafin ka ƙara feshi, tambayi wani na kusa da kai. Wanda ke da kwalba biyu ko uku yana sauyawa ba ya cika fuskantar wannan.

Wanne ya fi, na mai ko na feshi?

Kowanne da halinsa. Na feshi an narkar da man ƙamshin ne a cikin alkohol, wanda ke tashi da sauri ya ɗauki ƙamshin ya watsa shi, shi ya sa ake jin sa daga nesa. Rubutun da ke jikin kwalba yana nuna ƙarfinsa: wanda aka rubuta wa Eau de Toilette galibi man da ke cikinsa kashi 5 zuwa 15 ne cikin 100, Eau de Parfum kashi 15 zuwa 20, Parfum ko Extrait kuma daga kashi 20 zuwa sama, kodayake kowane kamfani yana da nasa awon. Kwalbar mililita 100 tana ba da feshi kusan 1,000, wato wanda ke yin uku a rana za ta kai shi kusan shekara.

Na mai, wanda muke kira madarar turare, ba ya nisa amma yana daɗewa, kuma a zafinmu ya fi na feshi ladabi, domin a hankali yake tashi. Ana sayar da shi da awon tola, wanda nauyinsa ya kusa giram 12, shi ya sa ƙananan kwalaben da alhazai ke kawowa tsaraba suke zuwa a mililita 12 da 6 da 3. Mutanenmu sun daɗe da sanin irin wannan: Bint El Sudan, wanda kowa ke kira Bintu Sudan, wani kamfanin Ingila mai suna W.J. Bush ne ya fara haɗa shi a 1920, na mai ne marar alkohol, kuma an shafe shekaru masu yawa ana ɗura shi a Kano. Wasu sukan haɗa biyun, su shafa madarar sandal ko almiski a fata sannan su yi feshi ɗaya a kai, kuma wannan dabara ce mai kyau matuƙar ƙamshin biyu ba sa faɗa da juna.

Ya halatta a yi sallah da turare mai alkohol?

Malamai sun yi saɓani. Waɗanda suka ɗauki duk abin da ke bugarwa a matsayin najasa suna cewa a nisance shi a jiki da tufafin sallah, wasu kuma daga malaman wannan zamani suna ganin alkohol ɗin da ake haɗa turare da shi ba najasa ba ne, tunda ba don sha aka yi shi ba kuma yana bushewa nan take. Ni ɗan kasuwa ne, ba mai fatawa ba, don haka nakan ce wa mutum ya koma wurin malaminsa, idan kuma zuciyarsa ba ta natsu ba, na mai yana nan kuma babu wanda ya yi saɓani a kansa. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne sanya turare sunna ce ga namiji, musamman ranar Juma'a da ranar Idi, an kuma ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya mayar da turare idan an ba shi. Mai aikin Hajji ko Umara kuwa ya san cewa da zarar ya ɗaura harami, turare kowane iri ya haramta gare shi har sai ya sauka.

Ba turaren dattawa ba ne?

A da ana yi masa wannan kallo, wataƙila saboda Old Spice, wanda aka fara sayar wa maza a Amurka a 1938, ya zama ƙamshin iyaye da kakanni a ƙasashe da yawa. Amma a shekaru ashirin da suka wuce matasa ne suka fi rububin wannan rukuni. Tobacco Vanille na Tom Ford ya fito a 2007, 1 Million na Paco Rabanne mai kirfa ya biyo baya a 2008, La Nuit de L'Homme na Yves Saint Laurent, wanda aka san shi da hel, ya fito a 2009, sannan Spicebomb na Viktor & Rolf a 2012. Kamfanonin Daular Larabawa irin su Lattafa da Rasasi da Ajmal da Swiss Arabian sun sauko da irin wannan ƙamshi zuwa farashin da ɗalibi zai iya, kuma Khamrah na Lattafa, wanda ya fito a 2022 da ƙamshin kirfa da dabino, ya shiga hannun samari sosai.

Bambancin da nake gani shi ne matashi ya fi karkata ga mai zaƙi, magidanci kuma ga busasshe mai itace da hayaƙi. Wani Alhaji da ke sayen kaya a wurina ya taɓa shinshina ɗaya daga cikin masu zaƙin nan, ya ajiye, ya ce, "Malam, wannan ai na angwaye ne, ba ni wanda idan na shiga zaure za a san babba ya shigo." Na ba shi mai za'afaran da udu da ƙamshin jemammiyar fata, kuma shi yake saye har yau. Ga masu tambaya game da taba da ake ambata a sunan wasu turaruka, ba hayaƙin sigari ake nufi ba, ƙamshin busasshen ganye ne mai kama da na zuma da ingirici.

Udun da ake rubutawa a jikin kwalba na gaskiya ne?

A mafi yawan lokuta haɗi ne da aka yi domin ya kwaikwayi udu, kuma wannan ba ha'inci ba ne matuƙar farashin ya nuna haka. Udu na ainihi yana samuwa ne idan wata bishiya da ke tsiro a Asam ta Indiya da Kambodiya da Biyetnam da Malesiya da Indunusiya ta ji rauni, wani nau'in fumfuna ya shige ta, sai ta fitar da baƙin ƙaro domin kare kanta, wanda ke jiƙa itacen a tsawon shekaru. Kaɗan daga cikin bishiyoyin daji ke yin haka, an kuma sare su har ta kai tun 1995 aka fara sa ido a kan cinikinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Saboda haka idan aka ce maka ga tola guda ta tsantsar udu a kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, ka san haɗi ne. Wanda bai saba ba ma sau da yawa ba ya son na ainihin a karon farko, domin yakan buɗe da wani wari mai kama da na garke kafin ya kwanta ya yi daɗi.

Yaya zan gane jabu?

Farashi shi ne shaida ta farko. Turaren da ake sayarwa da tsada a ƙasar da aka yi shi ba zai zo Jega ya fi araha ba bayan kuɗin jirgi da na kwastan. Bayan haka a duba ledar da aka naɗe kwalin, ta asali takan kama jiki ta yi santsi, a duba rubutun ko akwai harafin da ya karkace, a kuma gwada lambar da ke ƙasan kwalba da wadda ke ƙasan kwali, domin ya kamata su zama ɗaya. Murfin na asali yana da nauyi kuma yana zama daram, bututun da ke cikin ruwan siriri ne wanda da ƙyar ake ganinsa.

Ni ma an taɓa yi mini. A farkon shigata harkar na sari katon guda a wurin wani dillali a wata babbar kasuwa, kwali da kwalba ba su da maraba da na asali, kuma feshin farko ƙamshin daidai yake. Sai da masu saye suka fara dawowa suna cewa kafin su isa masallaci ya gudu, sannan na gane an kwaikwayi sallamar ce kawai, ba a sa komai a ƙasa ba, domin itace da ƙaro su ne masu tsada. Ya kamata kuma a bambanta jabu da turaren ɗuri da ake cewa "irin wane ne": mai ɗuri da ya gaya maka gaskiya cewa kwaikwayo ne bai cuce ka ba. Haɗarin jabu shi ne ba ka san da me aka narkar da shi ba, kuma hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar kayan shafe-shafe a Najeriya, don haka neman lambarta a jikin kwali ba ɓata lokaci ba ne.

Wurin da na fesa yana yin ja yana ƙaiƙayi, mene ne dalili?

Kirfa da kanumfari suna cikin kayan ƙamshin da suka fi tayar wa fata hankali, kuma sinadaransu suna cikin jerin waɗanda Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta sunansu a jikin kwali idan sun wuce wani adadi. Kamfanonin kirki suna bin iyakar da ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, ta gindaya, amma mai haɗi a bayan shago ba lallai ne ya san da ita ba. Idan fata ta yi ja ko ƙaiƙayi a wanke wurin da ruwa da sabulu, a daina sa shi a fata, a koma fesawa a tufafi, kuma kada a fesa a wuyan da aka yi wa aski yanzu ko a kan ƙurajen zafi. Idan wurin ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa. Sabuwar madara kuwa, a fara ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu a bar shi ya kwana.

Ruwan ya yi duhu bayan wasu watanni, ya lalace ke nan?

Ba lallai ba ne. Banila tana yin duhu da kanta idan ta daɗe, kuma turaruka masu itace da ƙaro sun fi masu lemu jure ajiya, wasu ma sukan ƙara daɗi bayan an buɗe su da wata biyu ko uku. Alamar lalacewa a hanci take: idan ya fara tsami ko warin tsohon mai, ya tashi daga aiki. Abokan gabansa rana da zafi ne, don haka a bar shi a cikin kwalinsa a ƙasan akwati ko durowar kaya, ba a kan taga ba, ba kuma a aljihun gaban mota ba, inda zafin Afrilu kan dafa kwalba cikin mako guda. Wanda ke son ya riƙa ƙarawa da rana ya ɗura kaɗan a ƙaramar kwalbar aljihu ya bar uwar a gida.

Matata tana turara mini kaya da turaren wuta, zan iya ƙara wannan a kai?

Za ka iya, kuma a cikin dukkan rukunan turare wannan ne ya fi jituwa da kasko, domin danginsu ɗaya. Turaren wutar da matanmu ke haɗawa, wanda Barebari da Shuwa suka yi fice a kansa, an gina shi ne a kan itacen sandal da kajiji da jawul da farce da sukari da madarar turare, wato kusan abin da ke ƙasan kwalbarka ke nan. Idan an kifa rigar a kan kwando an turara ta da daddare, to ƙasan ya riga ya samu, abin da ya rage shi ne ɗan kaifi a sama, don haka feshi ɗaya a ƙirji na mai hel ko masoro ya wadatar. Abin da ba ya tafiya shi ne a ɗora mai zaƙin dabino da banila a kan rigar da ta sha turaren wuta mai sukari, domin zaƙi biyu sukan taru su toshe hanci. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kai mata kwalbar ta shinshina kafin ta zuba garwashi, tunda ita ta san abin da ta sa a nata haɗin, kuma a yawancin gidajen da na sani hancin uwar gida ya fi na mai gida kaifi.